KACALA BAƘUWA CE KO 'YAR GIDA? DARASI GA MANOMAN FADAMA DAGA GURBIN BORE ZUWA SHINKAFI

Duk mai bin labarun noma a arewacin ƙasar nan ya san cewa shekara da shekaru ke nan manoma da masunta na Haɗeja da Guri da Nguru suna kuka da wata ciyawar ruwa da ake kira kacala. Ta toshe koguna, ta cinye gonakin shinkafa, ta hana kwalekwalen masunta wucewa, har ta kai ga gwamnatoci suna kashe maƙudan kuɗi wajen yaƙi da ita. Da yawa daga cikinmu mazauna yammacin Arewa, idan muka ji wannan labari mukan ɗauka matsalar mutanen gabas ce kurum. To amma masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Dalilin da ya sa ke nan a wannan mako muka ga ya dace mu duba al'amarin ta fuskar fadamun arewacin Jihar Zamfara, wato tun daga Gurbin Bore a ƙasar Zurmi, kan hanyar Jibiya, har zuwa Ƙauran Namoda da Shinkafi.

Abin da muke so mu jawo hankalin masu karatu a kai shi ne sanin ciyawar kanta. Mutane da dama, har da waɗansu ma'aikata, sukan haɗa duk wani dogon haki da ya tsiro a bakin ruwa su kira shi da suna ɗaya. Wannan rashin bambancewa yakan jawo hasara iri biyu. Ko dai a ƙyale mai haɗarin ta yi ta yaɗuwa ana zaton ciyawar da aka saba da ita ce, ko kuwa tsoro ya sa a bi fadama da wuta da maganin feshi a hallaka ciyayin da dabbobi ke ci, da waɗanda mata ke samun kuɗin cefane da su. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

YADDA FADAMUN YANKIN SUKE

Manyan koguna biyu ne ke shayar da wannan yanki. Akwai Gagare wanda ya ratsa ta Ƙauran Namoda, akwai kuma Bunsuru wanda ya taso daga Jihar Katsina ya biyo ta ƙasar Zurmi. Su biyun suna nufar arewa maso yamma, ruwansu ya haɗu ya shiga gulbin Rima, shi kuma ya gangara Sakkwato, daga can sai Kwara. Halinsu kuwa kowa ya san shi. Da damina sukan cika su tumbatsa, su malale fadamu su bar musu sabuwar laka. Da kaka ta wuce sai ruwa ya fara ja baya, kafin bazara kuma yawancin gadon kogin ya zama rairayi, manoman rani su koma haƙa rijiyoyi suna ja da injin ban ruwa domin albasa da tumatir da tattasai da alkama.

Mutane kan yi kukan wannan ƙafewa ta rani, kuma suna da gaskiya, gama ƙarancin ruwa ba ƙaramar wahala ba ce. Amma a game da kacala, ƙafewar nan ita ce katangar da ke tsare fadamun. Ambaliyar damina tana share gadon kogi da ƙarfinta, zafin bazara kuma yana busar da ƙananan tsiron da suka fito a kan laka tun ba su kafa saiwa ba. Ciyawar da ke bukatar ƙafarta cikin ruwa kusan dukan shekara ba ta samun sakewa a irin wannan wuri. Ranar da aka sauya wannan tsari, ranar ce ake buɗe mata ƙofa, kuma abin da ya faru a Haɗeja ke nan.

ABIN DA YA FARU A HAƊEJA DA NGURU

Kafin shekarun 1970, kogin Haɗeja ma haka yake, ya cika da damina ya ƙafe da rani. A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka kammala ta Calawa. Manufar ta alheri ce, wato a samar wa birnin Kano ruwan sha, a kuma bunƙasa noman rani a Kadawa da kwarin Haɗeja. Sai dai daga nan ambaliyar damina ta rage ƙarfi, ruwa kuma ya riƙa gudana a hankali har cikin rani saboda wanda ake saki daga madatsun. Lakar da a da ruwa kan kwashe ta fara kwanciya. Kacala ta samu abin da take so, ta kafu a bakin mashigai, kararenta suka riƙa tare ƙarin laka, lakar kuma ta riƙa ba ta ƙarin wurin zama.

Sannu a hankali hanyoyin ruwa irin su Burum Gana da tsohon gadon kogin Haɗeja suka cushe. Ruwan da ya rasa hanya ya karkata ta mashigin Marma zuwa Nguru, ya kwanta a gonakin da a da ake shuka gero da dawa, yayin da mutanen da ke can ƙasa wajen Gashuwa da Gaidam suke kukan ruwa ba ya isa gare su yadda ya saba. Waɗansu na kukan ruwa ya yi yawa, waɗansu na kukan babu, alhali kuwa ciyawa ɗaya ce a tsakiyar matsalar. Ban da wannan, duhun kacala ya zama makwancin tsuntsayen jan baki, waɗanda kan tashi dubu-dubai su faɗa wa shinkafa da gero da alkama. Ruwan da ya kwanta a cikinta kuma ya zama gidan sauro da katantanwar da ke yaɗa cutar tsargiya, wato fitsarin jini.

Wannan dausayi ba ƙaramin wuri ba ne a idon duniya. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayi masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 2006 gwamnonin jihohin da ke amfani da kogin suka taru a Damaturu suka kafa asusu na musamman domin gyaransa. A 'yan shekarun nan gwamnatin Jigawa ta sayo manyan injinan yashe kogi masu iya tafiya a kan ruwa. Da dukan wannan ƙoƙari, inda aka share aka bar shi ba kulawa, ciyawar takan dawo.

BAƘUWA CE KO 'YAR GIDA?

Sau da yawa za ka ji ana cewa daga wata ƙasa aka kawo kacala. Ganin yadda ta mamaye wurare cikin 'yan shekaru, ba abin mamaki ba ne a yi wannan zato. Amma tarihi bai goyi bayansa ba. Ciyawar, wadda masana ke kira taifa, tana fitowa da kanta a ƙasashe masu zafi na duniya, har da Afirka, tun fil azal. Hausawa ma suna da tsohon suna dominta, wato shalla. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya buga su a littafi a shekarar 1916, ya rubuta wannan suna, kusan shekara sittin kafin a gina Tiga. Kakanninmu sun san ta a bakin tafkunan da ba su ƙafewa, suna yankarta suna saƙa da ita, kuma ba ta taɓa hana su noma ba.

Ashe ke nan ciyawar ba ta sauya ba, ruwan ne muka sauya. Ba a Nijeriya kaɗai aka ga haka ba. A kogin Sanagal, bayan an kammala madatsar Diyama a 1986 domin hana ruwan teku mai gishiri hawowa, kacala ta mamaye bakin kogin ta ɓangaren Sanagal da na Muritaniya. A Jihar Fulorida ta Amurka kuwa, a babban dausayin nan na Ebagiled, irin wannan ciyawa 'yar gida ce, amma da ragowar takin zamani daga gonakin rake ya riƙa kwarara cikin ruwan, sai ta yi ƙarfi ta kori ciyayin da suka fi ta yawa a da. Abu biyu ne ke bayyana a ko'ina, ruwa mai kwanciya dukan shekara, da taki mai yawa a cikinsa.

Wannan bambanci yana da amfani ga mai neman magani. Idan abu baƙo ne, maganinsa shi ne a tsare ƙofa kada ya shigo. Idan kuwa ɗan gida ne, tsaron ƙofa ba ya wadatarwa, domin irinsa yana nan cikin iska da laka, sai dai a lura da yadda ake sarrafa ruwa. Mu kuma tuna cewa baƙunta kaɗai ba laifi ba ce. Masara da gyaɗa da rogo da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka zo, darbejiya kuma daga Indiya. Abin dubawa shi ne halin tsiro a wurin da ya samu kansa.

YADDA ZA A GANE KACALA

Ba a bukatar na'ura ko digiri. Ido da hannu da 'yar wuƙa sun isa. Ga alamu biyar.

Na farko, tsawo. Kacalar da ta girma takan kai mita biyu zuwa huɗu, wato ta shanye tsawon mutum, wani lokaci har ninki biyu, kuma takan tsaya a cunkushe, ba ta barin wata ciyawa a tsakaninta.

Na biyu, ganye. Dogo ne, shimfiɗaɗɗe kamar ɗamara, faɗinsa bai wuce yatsa ɗaya ko biyu ba, ba shi da jijiya mai tauri a tsakiya irin ta ganyen dawa, gefensa kuma ba ya yanka hannu. Idan ka matsa shi za ka ji taushi, idan ka yanka shi a gicciye za ka ga cikinsa ramuka-ramuka kamar soso. Ganyayen duka daga gindi suke tasowa, suna rungume da juna.

Na uku, kara. Karan da ke ɗauke da kai zagayayye ne, santala, ba shi da gaɓa ko ɗaya daga gindi har sama.

Na huɗu, kai. Wannan ita ce alamar da ba ta ɓuya. Ya yi kama da zangarniyar gero, amma launinsa ƙasa-ƙasa ne, mai laushi, a matse. A samansa akwai wani siririn sashe wanda ke zubar da gari ya bushe, tsakanin su biyun kuma akwai ɗan fili na kara tsirara. Idan kan ya nuna yakan fashe ya zama kamar audugar rimi, iska ta ɗebe shi. Kai guda yana iya ɗaukar ƙwayar iri dubu ɗari ko fiye, kuma iska na iya kai su nesa.

Na biyar, saiwa. Idan ka tona gindin za ka tarar da farar saiwa mai kauri tana rarrafe a kwance cikin laka, tana fid da sabon tsiro nan da can. Ta nan ne ɗan gungun da bai fi tabarma ba yake zama fili guda.

MASU KAMA DA ITA

Kama da wane ba ta wane. Akwai ciyayin fadama da dama da ake rikita su da kacala, musamman tun suna ƙanana, kuma yawancinsu dukiya ce.

Dangin aya su ne na farko. Idan ka murza karan aya-aya ko jiji tsakanin yatsunka za ka ji kusurwa uku, ba ya mirginawa. Aya-aya tana damun mai lambu, amma gajera ce, ba ta toshe kogi, 'yar'uwarta kuma ita ce ayar da ake nomawa a ƙasar Katsina da Maraɗi ana yin kunu da ita. Kajiji ma danginsu ne, sai dai nasa karan zagayayye ne, kore, ba ganye, kamar bulala. Idan ka ja shi tsakanin yatsu biyu za ka ji 'yan shingaye a ciki ɗaya bayan ɗaya. A gindinsa akwai 'ya'ya masu ƙanshi waɗanda mata ke haɗa turaren wuta da su. Wanda ya fesa wa kajiji magani yana zaton kacala ce ya zubar da abin sayarwa.

Sai dangin ciyawa sosai, waɗanda alamar su ita ce gaɓa a jikin kara, ganye kuma yana fita daga kowace gaɓa. Burugu yana cikinsu, mai kwanciya a kan ruwa, karansa da ɗan zaƙi, kuma babu abincin shanu da ya fi shi a fadama. Akwai roba, akwai jema mai saiwa mai ƙanshi wadda ake jinka da saƙa da ita, saiwarta kuma tana riƙe gaɓar kogi kada ta zaizaye. Akwai kyauro a kan rairayin bakin gulbi, wanda shi ma dogo ne, amma kansa fari ne mai sheƙi kamar gashi, ganyensa kuma siriri ne mai kaifi. A taƙaice, in ka ga gaɓa, ba kacala ba ce. In ka ji kusurwa uku, ba ita ba ce. In ka ga ganye mai soso a ciki da kai irin na gero mai launin ƙasa, to ita ce.

BAƘUWAR GASKIYA

Akwai kuma wata wadda ita baƙuwa ce ta haƙiƙa, kuma ya kamata kowane masunci da manomin rani ya san kamanninta tun bai haɗu da ita ba. Asalinta daga yankin kogin Amazon ne a Amurka ta Kudu, kuma kyawun furenta ne ya sa aka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa ana ƙawata lambuna. A shekarar 1984 ta shigo Nijeriya ta ruwan Badagiri daga Jamhuriyar Benin, ta toshe hanyoyin jiragen ruwa a Legas. A farkon shekarun 1990 ta riga ta zama abin damuwa a kogin Kwara da tafkin Kainji. A tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas kuwa, wajen 1997 ta kai ga rufe tashoshin jiragen ruwa.

Da yake tana yawo a kan ruwa, mutane kan kira ta kainuwa, amma ba kainuwarmu ba ce, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah. Kainuwar da muka sani ganyenta fari-fari ne, mai gashi da layi-layi, a tattare kamar ɗan kabeji, ba shi da mariƙi. Ita kuwa baƙuwar kainuwa ganyenta kore ne shar, mai sheƙi, zagayayye, yana tsaye a kan mariƙi mai kumburi kamar ɗan gora, wanda cikinsa soso ne. Furenta shuɗi ne mai ratsin shunayya, da ɗigon rawaya a ganyen furen na sama. Saiwarta baƙa ce, tana reto cikin ruwa kamar gashi. Inda ruwa ke da ɗumi da taki takan ninka kanta cikin kamar mako biyu, irinta kuma yana iya kwana a laka shekaru masu yawa.

Ruwan Gagare da Bunsuru gangarawa yake yi zuwa Kwara, saboda haka wannan baƙuwa ba za ta iya hawowa da kanta ba. Sai dai a ɗauko ta, ko a jikin koma da taru da kwalekwalen da aka yi su da su a Yawuri ko Kainji, ko cikin ruwan da aka kawo 'ya'yan kifi, ko kuwa a hannun wanda furen ya ba shi sha'awa. A nan ne tsaron ƙofa yake da amfani. A wanke kayan su a shanya su su bushe sarai kafin a jefa su a sabon ruwa, kada kuma kowa ya dasa furen a tafki ko kududdufi.

ME YA SA MAGANAR TA TASO YANZU?

Dalili na farko, kacala ba ta da nisa. A cikin Jihar Zamfara kanta akwai madatsar Bakalori da ke kan gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978 domin ban ruwa a hekta 23,000 a yankin Talatar Mafara da Maradun da Bakura. Zuwa shekarar 2003 abin da ake nomawa bai kai hekta 8,000 ba. Dalilan suna da yawa, ciki har da lalacewar injinan yayyafi, amma cushewar magudanan ruwa da laka da ciyawa, har da kacala, yana cikinsu. Sai da aka ciwo bashin kimanin dala miliyan 495 daga Bankin Duniya a 2014, a ƙarƙashin shirin TRIMING, domin gyaran Bakalori da Goronyo da Kadawa da kwarin Haɗeja da Daɗin Kowa. Bashin da aka ci, jama'a ne za su biya.

Dalili na biyu, ana ƙara samun wuraren da ruwa ke kwana har rani. Ƙananan madatsun ƙasa da ake ginawa domin dabbobi, ramukan da masu aikin hanya ke bari bayan sun ɗebi ƙasa, kududdufan bayan gari, tafkunan kiwon kifi, da ƙarshen lambuna inda ragowar ruwan ban ruwa ke taruwa ɗauke da takin zamani, kowannensu wurin zama ne ga kacala. Shirin ACReSAL na dala miliyan 700, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, ya ƙunshi ayyukan tara ruwa da gyaran ƙasa. Muna maraba da duk wani aikin da zai kawo ruwa a ƙasar da ke fama da ƙishi. Abin da muke cewa shi ne, duk wanda ya tsara madatsa, ya tsara da wanda zai riƙa share ta, da kuɗin sharewar.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi ci mana rai, wato rashin tsaro. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda. An kashe mutane, an sace waɗansu, an ɗora wa ƙauyuka haraji kafin su yi shuka ko girbi, dubban iyalai sun bar gonakinsu sun koma cikin garuruwa. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a jihar baki ɗaya, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Ran mutum ya fi kowace gona, wannan ba abin gardama ba ne. Amma ya kamata a sani cewa fadamar da aka bari ba ta jiran mai ita. Manomin da ke zuwa lambunsa kullum yakan tumɓuke baƙon tsiro tun yana ɗan ƙarami, ko da bai san sunansa ba. Makiyayin da ke shayar da shanu a bakin tafki, dabbobinsa kan cinye sabon toho su tattake shi. Inda ƙafar mutum da ta dabba suka ɗauke shekara uku ko huɗu, malamin gona kuma ba ya iya zuwa, babu mai hana ɗan gungu ya zama daji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dogon duhun ciyawa a bakin gari kuma, a irin wannan zamani, kowa ya san wanda zai iya yi wa amfani.

ABIN YI

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan gungun kacala bai fi faɗin ɗaki ba, mutum biyar da fartanya da adda za su iya gamawa da shi a yini guda. A tone shi da saiwarsa duka, gama guntun da aka bari zai sake tohowa, a fitar da shi kan tudu ya bushe, sannan a ƙone. Idan ya riga ya fid da kai, a fara yanke kawunan a zuba a buhu kafin su fashe.

Idan ta yi yawa kuma tana cikin ruwa, hanyar da aka jarraba aka ga amfaninta ita ce yanka a ƙarƙashin ruwa. Dalili kuwa, ta cikin ramukan nan na ganye ne iska ke sauka zuwa saiwa. In aka yanke ta kamar taƙi ɗaya ko fiye a ƙasan fuskar ruwa, ruwa ya rufe kututturen, saiwar takan shaƙe ta ruɓe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da ta fara fid da kai, domin a lokacin ta kashe yawancin abincin da ta tara a saiwa. Sai an maimaita sau biyu ko uku, duk lokacin da sabon ganye ya leƙo. Wanda ya yanka a saman ruwa aski kawai ya yi mata. Haka ma wuta, takan cinye busasshen ganye ta bar saiwa lafiya lau, toka kuma ta zama taki. Inda ake da ikon tsayar da ruwa, a bar magudana ta bushe ƙaƙas na wani lokaci kowace shekara, a kuma yashe lakar.

Game da maganin feshi, muna gargaɗi. Ruwan da za a fesa wa shi ne wanda mutane da dabbobi ke sha, shi ne kuma gidan kifi. Kada a yi sai da shawarar malamin gona. Masu shiga ruwa yanka kuma su sa takalmin roba mai tsawo saboda tsargiya da matsattsaku da macizai, kada a tura yara, wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, gama akwai maganinta.

Abin da aka yanke ba lalle ne ya zama shara ba. A Muritaniya, a yankin Roso, an koya wa ƙauyawa yin gawayin girki da kacala, abin da ke rage saran itace. A nan gida, a ƙarƙashin shirin TRIMING, masana daga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsu na Amurka da Sifen sun yi gwajin mai da ɗanyar kacala abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Saƙar tabarma da asabari da jinka kuwa tsohuwar sana'a ce. Sai dai a yi hattara, kada ribar da ake samu ta sa wani ya ɗauki saiwarta ya kai inda babu ita.

Daga ƙarshe muna kira ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da ma'aikatar gona ta Jihar Zamfara, da ƙananan hukumomin Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, da su buga hotunan waɗannan ciyayi da bayani cikin Hausa, da boko da ajami, su kuma yi amfani da gidajen rediyo, tun da yake rediyo yana isa inda ma'aikaci ba ya iya zuwa. Muna kira ga sarakunan noma da sarakunan ruwa da masu unguwanni su sa a riƙa zagaya tafkuna da kududdufai sau biyu a shekara, da kaka da kuma bazara, a duk inda tsaro ya ba da hali. Iyalan da Allah Ya nufa suka koma gonakinsu bayan gudun hijira, su fara duba bakin ruwa kafin su kai iri. Dattawan da suka san shalla da kajiji da jema da burugu tun suna yara kuma, su kama hannun matasa su nuna musu, domin yaron da ya tashi a sansanin gudun hijira bai san fadamar ubansa ba.

Taken Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro a 1996, shi ne alfahari da noma, kuma fadama ita ce rumbun talaka a lokacin rani. Mutanen Haɗeja da Nguru sun riga sun biya kuɗin wannan darasi da gonakinsu, bai kamata mutanen Gurbin Bore da maƙwabtansu su sake biya ba. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya mai da kowa gonarsa, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.